Abinci da Gina Tsoka: Yadda Mutum Zai Ƙiyasta Bukatarsa ta Kowace Rana



Maganar da aka ɗora mini ita ce yadda mutum zai ƙiyasta abincin da jikinsa yake bukata idan yana son ya ƙara tsoka da ƙarfi. Wannan magana ta zo a kan kari. Tun daga 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birninta, sa'an nan aka kafa jami'ar tarayya a 2011, yawan masu aikin zama ya ƙaru ƙwarai a wannan gari. Samari da yawa sun shiga ɗaga ƙarfe, wasu kuma suna neman ƙiba ta kowace hanya, har da hanyoyin da ke kai mutum gadon asibiti. Saboda haka ya kamata mu san lissafin abin kafin mu sa lafiyarmu da kuɗinmu a ciki.

Neman ƙwanji tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Dambe da kokawa wasannin kaka ne, lokacin da rumbu ya cika, gero da wake da gyaɗa suka wadata. Haka nan an san dambe da mahauta, mutanen da nama ba ya yi musu wuya, kuma har gobe ana tuna Shago wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa. Magabata sun gane cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da ilmin zamani ya ƙara shi ne awo da alƙaluma.

Kalori da Furotin

Kalori ma'aunin kuzari ne. Kalori ɗaya, irin wanda ake rubutawa a kan abinci, shi ne zafin da zai ɗaga ɗumin ruwa lita ɗaya da digiri ɗaya. Tun ƙarshen ƙarni na 19 wani masani a Amurka, Wilbur Atwater, ya auna cewa giram ɗaya na sitaci ko sukari yana ba da wajen kalori 4, na furotin 4, na mai kuwa 9.

Furotin shi ne sinadarin gina jiki. Idan muka ɗauki jiki kamar ginin soro, furotin shi ne tubali, kalori kuwa ladan magina. In akwai tubali babu lada, gini ba zai tashi ba, domin jikin da bai ƙoshi ba yakan ƙona furotin ɗin ya sami kuzari. In kuwa abinci ya yi yawa babu motsa jiki, rarar kitse take zama, ta taru a tumbi. Watau abu uku ne tilas su haɗu: aiki mai nauyi da zai gajiyar da tsoka, kuzari isasshe, da furotin isasshe. Barci mai kyau shi ne cikon na huɗu, don a lokacin hutu ne jiki yake gyara abin da aiki ya taɓa.

Lissafin Kuzari

Mataki na farko shi ne sanin abin da jiki yake ƙonawa ko da mutum yana kwance bai ɗaga ko tsinke ba, domin zuciya da huhu da hanta da ƙwaƙwalwa ba su hutawa. Harris da Benedict sun fitar da hanyar ƙiyasta wannan a 1919, amma wadda aka fi amfani da ita yanzu ita ce ta Mifflin da St Jeor, ta 1990. Ga yadda take: a ninka nauyin mutum na kilo sau 10, a ninka tsawonsa na santimita sau 6.25, a haɗa su. Sai a ninka shekarunsa sau 5 a ɗebe daga jimlar. In namiji ne a ƙara 5, in mace ce a ɗebe 161.

Mu ɗauki misalin saurayi ɗan shekara 25, mai nauyin kilo 60 da tsawon santimita 170. Nauyinsa ya ba da 600, tsawonsa 1,062, jimla 1,662. A ɗebe 125 na shekaru, a ƙara 5, ya zama wajen kalori 1,540 ke nan.

Mataki na biyu shi ne duba irin aikinsa. Rahoton da Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar a 2004 ya kasa mutane kashi uku. Mai aikin zama ana ninka adadinsa da abin da ke tsakanin 1.4 da 1.69, mai matsakaicin aiki tsakanin 1.7 da 1.99, mai aikin ƙarfi kuwa daga 2.0 zuwa 2.4. In saurayin nan ɗalibi ne, ko akawu a sakatariya, wanda yake ɗaga ƙarfe sau uku a mako, sai mu ninka da 1.6, mu sami wajen 2,470. In kuwa manomi ne a Kiyawa ko Jahun, yana noma da fartanya cikin damina, sai mu ninka da 2.0, ya haura 3,000. Mutum ɗaya ne, amma bambancin aiki ya kawo bambancin kalori 600. Wannan ne ya sa manomi yakan rame da damina, lokacin da aiki ya fi yawa, rumbu kuma ya yi ƙasa.

Mataki na uku shi ne ƙari. Abin da muka samu zai riƙe nauyin mutum ne kawai inda yake. Mai son ya ƙaru sai ya ɗora kalori 300 zuwa 500 a kai. Ɗalibinmu yana bukatar wajen 2,800 ke nan a rana.

A lura, a kan mutanen Amurka aka gwada wannan lissafi, kuma yakan kuskure da wajen kashi 10 cikin ɗari a kan mutum guda. Saboda haka sikeli ne alƙali. A hau shi sau ɗaya a mako, da safe kafin karin kumallo. Ga mai kilo 60, ƙarin giram 150 zuwa 300 a mako, watau kusan kilo ɗaya a wata, shi ne daidai. In mako uku ya wuce nauyi bai motsa ba, a ƙara abinci kaɗan. In kuwa yana hawa da sauri, wando yana matse ƙugu, to kitse ne, sai a rage.

Lissafin Furotin

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 ya nuna giram 0.83 a kan kowane kilo na nauyin jiki ya ishi baligi mai lafiya. Ga mai kilo 60, giram 50 ke nan. Mai gina tsoka yana bukatar fiye da haka. A 2018 masana na Jami'ar McMaster ta Kanada, tare da abokan aikinsu, sun tattara sakamakon gwaje-gwaje 49, suka ga amfanin furotin yana ƙaruwa har zuwa wajen giram 1.6 a kan kowane kilo, daga nan sai ya tsaya, ko da yake wasu mutane kan amfana har zuwa 2.2. Saurayinmu yana bukatar giram 96 ke nan, in ya yi yawa 132. Abin da ya wuce haka ɓarnar kuɗi ce. Ya fi kyau kuma a raba shi gida uku ko huɗu, wajen giram 25 zuwa 30 a kowane ci, maimakon a wuni da yunwa a tara wa tuwon dare. Da azumi ma haka: a raba tsakanin buɗa-baki, da bayan asham, da sahur.

Ina Za a Samo Shi?

Wani zai ce wannan magana ta masu kuɗi ce. To bari mu shiga kasuwar Shuwarin mu gani. A cikin giram 100 na busasshen gero ko dawa akwai furotin wajen giram 11, a wake 24, a gyaɗa 26, a riɗi 18, a waken suya da ake yin awara da shi 36. Ƙwai ɗaya yana da 6, kofin kindirmo 8, dafaffen nama marar kitse giram 100 kuwa wajen 26. Busasshen kifi da kilishi da ƙuli-ƙuli sun fi haka, tun da an raba su da ruwa ko da mai.

Ga abincin yini guda. Gero ko dawa giram 350, tsakanin koko da fura da tuwo, furotin 38. Wake giram 120, a ƙosai ko alale ko garau-garau, 28. Gyaɗa giram 50, watau cikin tafin hannu biyu, 13. Kindirmo kofi biyu, 16. Ƙwai biyu, 12. Jimla giram 107 ke nan, babu ko yankan nama ɗaya a ciki. Kuzarinsu ya kai wajen kalori 2,400. In aka haɗa da mai cokali biyu a miya, da ɗan dabinon da Allah ya hore wa Dutse, an kai 2,800. A kula dai, nonon da aka cire wa mai aka tsinka da ruwa bai kai kindirmo ba.

Akwai wata hikima a cikin girkinmu da ya kamata a sani. Furotin ya ƙunshi ƙananan sinadarai iri 20, kuma 9 daga ciki jiki ba ya iya yinsu, sai daga abinci. Hatsi yana da ƙarancin ɗaya daga cikinsu mai suna laisin, wake kuwa yana da shi da yawa. Wake yana da ƙarancin wani mai suna metiyonin, hatsi kuma yana da shi. Saboda haka koko da ƙosai, shinkafa da wake, fura da nono, kowanne yana cike gibin ɗan'uwansa. Garin furotin na gwangwani da ake shigowa da shi daga waje, daga ruwan cuku ake yin mafi yawansa, kuma bai ɗauke da wani sirri da babu shi a ƙwarya.

Gargaɗi

Na farko, magungunan ƙiba irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu suna ɗauke da deksametason, maganin da ke tara ruwa da kitse a fuska da ciki, ya ta da sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi, kuma ya cinye tsokar da ake nema. Allurai da ƙwayoyin da wasu masu ɗaga ƙarfe suke amfani da su kuwa suna taɓa hanta da zuciya, suna kuma rage ƙarfin haihuwa. Na biyu, mai ciwon ƙoda, ko mai ciwon sukari ko hawan jini da ya daɗe, kada ya ƙara furotin sai da shawarar likita. Na uku, a guji gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, domin gubar da ke cikinsu tana haddasa ciwon dajin hanta. Na huɗu, wanda yake ci yana ramewa, ya je a duba shi tukuna. Tsutsar ciki da tarin fuka da ciwon sukari ba a maganinsu da ƙarin tuwo.

Daga ƙarshe, ina jan hankalin magidanta. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. A gidaje da yawa tsokar nama da ƙwai a kwanon maigida suke sauka, yaro da mai ciki da mai shayarwa sai romo. Baligin da ya rasa giram goma na furotin yau zai rama gobe, amma tsawon da yaro ya rasa a shekarunsa biyu na farko da wuya ya dawo. Duk wanda ya koyi wannan lissafi don kansa, to ya fara yi wa iyalinsa.

Ɗalibai, ku auna nauyinku, ku yi lissafin, ku riƙe shi wata uku kuna rubuta abin da sikeli ya nuna. Sannu ba ta hana zuwa.