Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Jinya da Ungozoma

 

An nemi in ce wani abu kan muhawarar da ake yi tsakanin masu son a tara asusu ɗaya da zai ɗauki jinyar kowa, da masu cewa kowa ya sayi inshorarsa a kamfani. 'Ya'yana da ake yayewa yau, ku ne za ku tsaya a bakin gadon majinyaci lokacin da za a tambayi wa zai biya, don haka ba zan ɓoye muku inda na karkata ba.

Kamfanin inshora ɗan kasuwa ne, ban kuma ga laifinsa ba. Yana son matashi mai albashi wanda bai cika kwanciya ba. Mai sikila, mai hawan jini, da manomin da kuɗi ke shigar masa sau ɗaya bayan kaka, duk asara ne a lissafinsa. Ko a Amurka, sai da Obama ya sa hannu a dokar 2010 aka hana kamfanoni ƙin mutum don ya zo da tsohuwar cuta.

Mu dubi Ghana, tunda Ingila da tsarinta na lafiya na 1948 ta yi mana nisa. A 2003 suka kafa asusun ƙasa don kawar da "biya kafin a duba ka", suka ɗora kashi 2.5 cikin ɗari kan harajin kayan saye. A 2008 suka ɗauke wa masu ciki kuɗin rajista. Asibitocinsu na kukan jinkirin biya har gobe, amma mai naƙuda ta samu ƙofar shiga.

Mu nan tsarinmu ya fara aiki a 2005, kuma ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarsa. Dokar 2022 ta wajabta wa kowa shiga, sai dai har yanzu sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin magani daga aljihun majinyata yake fita, wato daga sayar da akuya da ragowar hatsi. Wasu iyayenmu kuma da sun ji kalmar inshora sai su ja baya, suna shakkar halascinta. Shi ya sa nake yaba wa Kano da ta kira nata taimakekeniya, domin wanda ya san gayya da adashi ba ya buƙatar dogon bayani.

Mai hali ya ƙara da inshorar kamfani in yana so, ya kwanta a ɗaki mai sanyi. Tushen dai ya zama na kowa.

'Ya'yana, dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko. Duk asibitin da aka tura ku, ku tambayi mai kula da shi ko kuɗin na isowa, ku kuma yi wa mai ciki rajista tun ranar awon farko.

Allah Ya sa albarka a takardunku.