Jawabin Yaye Matasan 'Yan Ƙwallo: Darasi Daga Rayuwar Maurice Edu



Ya dace a ranar da waɗannan matasa ke kammala horo a gabatar musu da tarihin Maurice Edu, tsohon ɗan wasan tsakiya na Amurka, wanda aka haifa a garin Fontana na jihar Kalifoniya a 1986, iyayensa kuwa 'yan Nijeriya ne. Ɗan wasan tsakiya shi ne wanda ke haɗa 'yan baya da 'yan gaba, Edu kuma yana cikin masu tsayawa kusa da 'yan baya, waɗanda aikinsu shi ne ƙwace ƙwallo, da toshe kafa, da miƙa ta ga wanda zai kai hari. Aiki ne da 'yan kallo ba su cika lura da shi ba, sai ranar da mai yin sa ya gaza.

Edu ya haɗa karatu da ƙwallo a Jami'ar Maryland, inda suka ci kofin jami'o'in Amurka a 2005. A 2007 ƙungiyar Toronto FC ta ɗauke shi a matsayin na farko a zaɓen shekara-shekara, wato tsarin da ƙungiyoyin gasar MLS ke bi wajen ɗibar matasa bi da bi, kuma a wannan shekarar aka ba shi lambar gwarzon sababbin 'yan wasa. A 2008 ya koma Rangers ta birnin Glasgow, inda ya ci gasar Scotland sau uku a jere, duk da raunin gwiwa da ya zaunar da shi na watanni a 2009.

Abin da ya fi cancantar tsayawa a kai shi ne wasan Amurka da Slobeniya a gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu. An tafi hutun rabin lokaci Amurka na baya da ci biyu, aka sako Edu, sannan Landon Donovan da Michael Bradley suka farke. Ana dab da tashi Donovan ya ɗago bugun tazara, Edu ya sa ƙafa ya tura ƙwallon cikin raga, amma alƙalin wasa Koman Coulibaly na Mali ya busa ya soke ta, aka tashi biyu da biyu. Edu ya haɗiye wannan takaici ya ci gaba da yi wa ƙasarsa wasa, har ya buga mata wasa 46, ƙwallo ɗaya tak aka rubuta masa. Wanda zai auna shi da yawan ƙwallaye bai san aikin ɗan tsakiya ba, domin masu horarwa sun riƙa kiran sa ne saboda nauyin da yake ɗauke wa sauran.

Bayan Rangers ya je Stoke City ta Ingila bai samu gurbi ba, aka ba da aron sa ga Bursaspor ta Turkiyya, sannan ya koma gida Amurka ya shiga Philadelphia Union a 2014, ya zama kyaftin, kafin rauni ya raba shi da fili ya koma sharhin wasanni a talabijin.

Saboda haka ana kira ga waɗanda ake yayewa su riƙe karatu tare da ƙwallo, su girmama hukuncin alƙali ko da ya yi ɗaci, su kuma yarda da aikin da ba a tafa masa. Allah ya ba su sa'a, ya tsare su daga rauni, ya saka wa iyaye da masu horarwa da alheri.