Buri Da Bautar Allah: Darasi Daga Rayuwar Eric Liddell



Kowannenmu ya shigo jami'a da buri a ransa: digiri, babban muƙami, gidan gwamnati da mota. Buri ba laifi ba ne. Amma bisa ga koyarwar Kirista, adalci kyauta ce daga Allah ta wurin bangaskiya ga Almasihu, kuma wanda ya karɓi wannan kyauta ya daina mallakar kansa, har burinsa ma ya zama na Ubangijinsa. Bari mu kawo misalin wani ɗalibi kamarmu.

Eric Liddell ya karanta kimiyya a Jami'ar Edinbara ta ƙasar Sikotilan, gwanin tsere ne kuma. A wasannin Olamfik na Faris, cikin 1924, zagayen farko na tseren mita 100, inda ya fi ƙwarewa, ya faɗo ranar Lahadi. Ya ƙi yin gudu a ranar Ubangiji. Ya shiga tseren mita 400, ya ci lambar zinariya cikin daƙiƙa 47.6.

Galibi a nan ake tsayar da labarin, a ce Allah ya biya shi. Mu kuwa muna ganin babban gwajin yana gaba. Cikin 1925, sa'ad da sunansa ke bakin kowa, ya bar Birtaniya ya koma ƙasar Sin, inda aka haife shi, ya zama malamin makaranta a Tiyanjin, daga baya mai wa'azi a karkara. Da yaƙi ya tsananta cikin 1941, ya tura iyalinsa Kanada, shi ya tsaya. Cikin 1943 Japanawa suka tsare shi a sansanin Weihsien, inda ya riƙa koyar da yara yana ɗawainiyar tsofaffi. Can ya rasu cikin Fabrairu 1945, yana da shekara 43, bai taɓa ganin 'yarsa ta uku ba. Babu tafi a nan, babu zinariya.

'Yan'uwa, namu gwajin na tafe: ranar da za a tura mu aiki ƙauyen da babu lantarki, ko a miƙo mana toshiyar baki, ko ƙarin girma ya rataya ga ƙarya guda. A ranar ne za mu san wanda muke bauta wa, Allah ko burinmu.

Allah ya ba mu ikon zaɓar gaskiya.