Ciwon Haƙori Ga Mai Bashi A Wuya



Batun da za mu tattauna a yau ba ya cikin manyan batutuwan da aka saba ji a wannan zaure, amma da wuya a sami ɗakin kwanan ɗalibai da bai taɓa shiga ba. Batun kuwa shi ne, yaya ɗalibi zai yi idan ciwon haƙori ya taso masa ba zato ba tsammani, alhali ɗan abin da ke hannunsa ya riga ya ƙulle shi don biyan bashi? Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. To, haƙori ma yana bakin kowa, har guda 32 ga baligi, kuma turame huɗu na can ƙurya sukan fito ne tsakanin shekara 17 zuwa 25, wato daidai lokacin da muke jami'a.

Kowa ya san halin da muka shiga tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka janye tallafin man fetur, darajar Naira kuma ta faɗi a watannin da suka biyo baya. Jami'o'i da dama sun ƙara kuɗin rajista, ɗalibai da yawa suka koma cin bashi. Aikin haƙori shi ma ya yi tsada, domin yawancin kayan da likita ke amfani da su daga ƙasashen waje ake shigo da su.

Kafin mu yi maganar kuɗi, ya kamata mu san yadda haƙori ke lalacewa, domin a nan lissafin yake. Ba tsutsa ke cin haƙori ba, kamar yadda muka tashi muna ji. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a baki suke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da wani ruwa mai tsami wanda ke zaizaye ɓawon haƙori. A matakin farko ba a jin komai. A mataki na biyu kogo ya samu, mutum yana jin tsami-tsami in ya sha ruwan sanyi ko shayi, kuma a nan likita zai share kogon ya cike shi a zama ɗaya. A mataki na uku ɓarnar ta kai ga jijiya, sai ciwon da ke hana barci. Daga nan zaɓi biyu ya rage: ko a kwashe jijiyar a cike gurbinta, sau da yawa har a sa wa haƙorin hula, aikin da ya ninka kuɗin cikewa sau da dama, ko kuma a cire haƙorin ɗungurungum. A mataki na huɗu ruɓa ta taru ta yi mugunya, fuska ta kumbura, wani lokaci sai an ba mutum gado a asibiti.

Abin da muke so mu jawo hankali a kai shi ne, ɗalibin da ya ce bari in gama biyan bashi tukuna, bai kauce wa kashe kuɗi ba, wani sabon bashi ya ci, kuma mai ruwa. Kogon haƙori ba ya cikewa da kansa, kowane wata na jinkiri ƙara kuɗin yake yi. Da sabon gini gara yaɓe.

Mun san dabarun da ake yi don a tsallake likita. Wani ya je kemis ya sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta, wani ya cusa kanumfari, wani ya ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi ta ƙona shi, har akwai masu ɗiga ruwan batir. Farasitamol yana rage zafi kafin a ga likita, wannan gaskiya ne. Amma jijiyar da ta mutu jini ba ya kai mata, saboda haka maganin da aka sha ba ya isa inda cutar ta yi sansani. Idan ciwo mai tsanani ya ɗauke da kansa kuwa, sau da yawa alama ce jijiyar ta mutu, ba wai an warke ba.

To, ina kuɗin za su fito? Shawararmu ita ce mutum ya zauna ya kasa bashin da ke kansa kashi uku. Kashi na farko shi ne bashin karatu na asusun NELFUND, wanda aka fara karɓar masu nemansa a watan Mayu na 2024. Wannan ba shi da ruwa, kuma ba a fara biyansa sai bayan shekara 2 da gama hidimar ƙasa, don haka bai kamata ya hana kowa barci a yanzu ba. Kashi na biyu shi ne bashin 'yan'uwa da abokai, da na mai kanti da mai abinci, da zubin adashi. Shi ma ba shi da ruwa, abin da ke cikin haɗari shi ne mutunci. Maganinsa a je wurin mai kuɗi tun kafin ranar alkawari, a gaya masa gaskiya, a nuna masa takardar asibiti, a ba shi ɗan abin da ya samu, a kuma sa sabuwar rana. Mai bin bashi yakan yi haƙuri da wanda ya zo da ƙafarsa, amma ba ya haƙuri da wanda ya kashe waya. A wurin adashi kuwa, ana iya roƙon uwar adashi ta musanya wa mutum kwasa da wani.

Kashi na uku shi ne bashin manhajojin waya, mai gajeren wa'adi da ruwa mai yawa. Idan akwai shi a wuya, shi za a fara saukewa, idan kuma babu, kada ciwon haƙori ya tura mu gare shi. Mu tuna cewa a 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu masu wannan sana'a a Legas, saboda yadda suke aika saƙonnin tozarci ga dangi da abokan waɗanda suka kasa biya.

A asibiti ma akwai hanyoyin rage nauyi. Da fari a fara da asibitin makaranta, a tambayi abin da inshorar lafiyar ɗalibai ta TISHIP ta ɗauka da wanda ba ta ɗauka ba, a kuma karɓi takardar turawa. Na biyu, asibitocin gwamnati sun fi masu zaman kansu sauƙi, musamman na koyarwa, irin su Asibitin Malam Aminu Kano da na Jami'ar Maiduguri, inda ake horar da likitocin haƙori. Na uku, kada kunya ta hana mu gaya wa likita ƙarfin aljihunmu. A tambaye shi wane aiki ne na gaggawa, wane ne zai iya jira, nawa ne jimla, kuma ko za a iya biya kashi-kashi. Cire haƙori ya fi araha a yau, amma giɓin yakan sa maƙwabtansa su karkace, haƙorin roba kuma wani kuɗi ne a gaba.

Akwai lokacin da ba a lissafi ko kaɗan. Idan kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa ko ya nufi ido, ko zazzaɓi ya shigo, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, to a tafi asibiti a wannan rana. Irin wannan kumburi yana iya toshe hanyar numfashi. Mai rai ne ke biyan bashi.

Rigakafi kuwa ya fi magani, ya kuma fi araha. A goge baki sau 2 a rana, musamman kafin barci, da man da ke ɗauke da sinadarin fulorayid, a tofar ba tare da kurkurewa ba. Asuwaki yana share datti, sai a haɗa shi da man. A rage yawan kai zaƙi baki, domin kwalbar lemo da ake kurɓa tun daga azahar har la'asar ta fi wadda aka shanye lokaci guda ɓarna. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, alhali yawancinsu ana iya kare su.

Daga ƙarshe muna kira ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai da abu biyu. Na ɗaya, a ware ɗan kaso daga kuɗin ƙungiya a kafa asusun rance marar ruwa don lalurar asibiti, a riƙa liƙa lissafinsa a allon sanarwa kowane zango. Na biyu, a riƙa gayyato likitocin haƙori su duba bakin ɗalibai a ranar 20 ga Maris, wadda ita ce ranar lafiyar baki ta duniya, domin a kama kogo tun yana ƙarami. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

 Allah Ya ba mu lafiya, Ya kuma sauke mana nauyin da ke kanmu. Wassalamu alaikum.