Daga Ƙarƙashin Ƙasa Zuwa Zaure: Darasin Bakin Ruwan Liverpool

 

Na san da yawa daga cikin matasan da ke nan, da zarar an ambaci Liverpool, jar riga da ƙwallo ne suke faɗo musu a rai. Yau ina roƙon ku biyo ni mu wuce filin wasa, mu gangara bakin kogin Mersey a arewa maso yammacin Ingila, inda ake ta aikin raya tsohuwar tashar jiragen ruwa, aka kuma ɗora aikin a kan wani gidan tarihi na cinikin bayi. Tambayar da ta kawo ni guda ce: idan gari ya yi arziki ta hanyar zalunci, wurin da aka tara arzikin ya mutu, sai jikoki suka tashi raya shi, a ina ya kamata su ajiye labarin zaluncin? Amsata ita ce a zaure. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san ba a shiga gida sai ta zaure, kuma daga zaure baƙo yake gane irin gidan da ya zo.

Yadda aka tara dukiyar

Kogin Mersey yana cika yana janyewa sau biyu a yini, kuma in ya janye sai ya bar jirage kwance cikin taɓo. A 1715 wani injiniya mai suna Thomas Steers ya yi maganin wannan: ya gina matsaya mai katanga da ƙofa, wadda take riƙe ruwa ko da kogi ya tafi, jirgi ya yi lodi ya sauke kaya a kowane lokaci. Daga wannan dabara ƙaramin gari ya zama babbar tasha. Tun kafin nan, a 1699, jirgin bayi na farko da aka sani daga garin ya riga ya tashi, ya kai mutum 220 tsibirin Barbados. Zuwa 1807, lokacin da Birtaniya ta haramta wa jiragenta fataucin bayi, jiragen Liverpool sun yi sawu kusan 5,000, sun ƙetare teku da 'yan Afirka wajen miliyan 1.5. A shekarun 1790, cikin kowane jiragen bayi goma na Birtaniya, kusan takwas daga nan suke tashi.

Tafiyar ƙafa uku ce. Jirgi ya tashi da yadin Manchester da bindigogin Birmingham da sandunan ƙarfe da barasa, ya nufi gaɓar Afirka ta Yamma, sau da yawa Bonny ko Kalaba. Can a sauke kaya a loda mutane, a kai su tsibiran Karibiyan da Amurka. Daga can a komo gida da sukari da taba da auduga. Ku lura da abu guda: mafi yawan bayin ba su taɓa taka Liverpool ba. Attajirin da ya zuba jari bai ji ƙarar mari ba, bai shaƙi warin cikin jirgi ba. Abin da yake isowa gabansa shi ne takardar lissafi da buhun sukari. Shi ya sa daga baya mantuwa ta zo wa garin da sauƙi.

Wanda yake son ganin abin da ke cikin takardar lissafin, ya dubi jirgin Zong. Mallakar wasu 'yan kasuwar Liverpool ne ƙarƙashin William Gregson, wanda ya taɓa zama magajin garin. A ƙarshen 1781, a kan hanyar Jamaica, ma'aikatan jirgin suka jefa mutum fiye da 130 cikin teku da ransu, suka ce ruwan sha ya yi ƙaranci. Masu jirgi suka nemi kamfanin inshora ya biya su. Da magana ta je kotu a Landan a 1783, shari'ar asarar kaya aka yi, kuma ba a hukunta ko mutum ɗaya da laifin kisa ba. Bayan shekara 50, da Birtaniya ta yi dokar 'yanta bayi a 1833, ta ware fam miliyan 20 na diyya, amma iyayen giji aka biya. John Gladstone, ɗan kasuwar Liverpool, mahaifin wanda ya zama firaminista daga baya, ya karɓi fiye da fam 100,000 a kan mutum fiye da 2,500. Waɗanda suka yi bautar ba su ga ko kwabo ba.

Mutuwar tasha da farfaɗowarta

Wurin da 'yan yawon buɗe ido suke tururuwa a yau, wato matsayar Albert, an buɗe shi a 1846. Jesse Hartley ya gina shi da bulo da dutse da ƙarfe, don gudun gobara, aka kewaye ruwan da manyan sito, jirgi ya matso a kwashe kaya kai tsaye zuwa ciki. Gaskiya ta wajabta in faɗa cewa jirgin bayi bai taɓa tsayawa a nan ba, domin an yi shekara 39 da haramta fataucin kafin a buɗe shi. Amma audugar da take shigowa garin a wannan zamani, wadda take ciyar da masaƙun Lancashire, bayi ne suke tsinkarta a kudancin Amurka. An daina sayen mutum, ba a daina cin guminsa ba.

Tafiya ta yi tafiya, jiragen tururi suka yi wa matsayar girma, bama-baman yaƙin duniya na biyu suka taɓa ta, sannan kwantena ta zo ta kwashe aikin 'yan dako, aka mayar da lodi can bakin teku. A 1972 aka rufe ta. Laka ta cike ruwan, sito suka zama kufai. A 1981 gwamnati ta kafa hukumar raya bakin ruwan, aka yashe lakar, aka gyara gine-ginen. Gidan tarihin harkokin teku ya tare a ciki, gidan zane-zane na Tate ya biyo baya a 1988, shaguna da wuraren cin abinci da gidajen kwana suka cika wurin.

A wannan shekara ta 1981 ɗin, tafiyar 'yan mintoci daga bakin ruwan, unguwar Toxteth ta kama da wuta. Unguwa ce ta baƙar fatar da suka yi zuriya bayan zuriya a garin, da yawansu jikokin matuƙan jirgi daga Afirka ta Yamma da Karibiyan. Rashin aiki da tsangwamar 'yan sanda suka kai su bango. Ciwon kuwa tsoho ne: a watan Yuni na 1919 wasu gungun mutane suka kori wani matashin ma'aikacin jirgi ɗan Bermuda, Charles Wotten, har bakin matsayar Queen's, ya mutu a cikin ruwan. Saboda haka da aka ƙawata tasha, 'yan wannan unguwa suna da haƙƙin tambaya: wa aka gyara wa?

Hawa uku na labari guda

Yanzu ku bi ni mu ga inda aka riƙa ajiye labarin bauta a cikin wannan sabon wuri, domin a nan darasin yake.

Da farko shiru aka yi. Sai a 1994 aka buɗe sashen tarihin cinikin bayi, kuma a ƙarƙashin ƙasa aka sa shi, a ƙasan gidan tarihin teku. Mutum zai iya zagaya ginin ya sha kallon jirage ya fita bai san da shi ba. A 1999 majalisar birni ta fito fili ta nemi gafara a kan rawar da garin ya taka. Ranar 23 ga Agusta 2007, shekara 200 bayan dokar 1807, aka buɗe Gidan Tarihin Bauta na Ƙasa da Ƙasa a hawa na uku na ginin. Ba a zaɓi ranar da ka ba: ita ce ranar da hukumar UNESCO ta keɓe don tunawa da tawayen bayin Haiti na 1791, wato ranar da bayi suka tashi da kansu. Tsarin gidan ma a lokacin haka yake. Yana farawa da rayuwar Afirka ta Yamma kafin zuwan jiragen, da sana'o'inta da gidajenta, don baƙo ya fara ganin mutane kafin ya ga sarƙa. Sai azabar ƙetare teku, sai abin da bautar ta bari har yau. Wannan bai faɗo daga sama ba. 'Yan garin irin su marigayiya Dorothy Kuya sun yi shekaru suna matsa lamba kafin a saurare su.

Duk da haka gidan ba shi da ƙofar kansa, sai ka ratsa gidan wani ka hau bene. Wannan shi ake gyarawa yanzu. A watan Janairu na 2025 aka rufe shi don babban aiki. Tsohon ofishin kula da zirga-zirgar tashar, gini mai manyan ginshiƙan ƙarfe wanda yanzu yake ɗauke da sunan Martin Luther King, shi zai zama mashigarsa, a haɗa shi da babban ginin da gada. Labarin da ya fara a ƙarƙashin ƙasa, ya hau bene, yau ya doshi zaure.

Abin da ya fi taɓa ni kuwa yana waje, 'yan taku kaɗan daga nan. Akwai wasu ramuka biyu masu matattakalar dutse a matsayar Canning, waɗanda aka gina a 1765. Nan ake shigar da jirgi, a tsiyaye ruwa, a kankare gindinsa, a toshe kafofinsa da kwalta. Jiragen bayi sun kwanta a cikinsu ana shirya su don wani sawun. Shekara da shekaru jama'a suna wucewa ta gefensu ba su san mene ne ba. Shirin da masanin gine-gine Asif Khan da mai fasaha Theaster Gates suke jagoranta, tare da ƙungiyoyin 'yan gari, shi ne a buɗe ɗaya daga ciki, mutum ya sauka har ƙasa, ya tsaya inda jirgin ya tsaya, ya yi shiru ya yi tunani. Gani ya kori ji. Dutsen da aka taka da ƙafa yana faɗin abin da allon bayani ba zai iya ba.

Inda haɗarin yake

Kada mu ɗauka an gama. Bakin ruwa fili ne mai tsada, kuma mai kuɗi ba ya barci. Matsayar farko ta 1715 an cike ta tun tuni, yau tana kwance ƙarƙashin wata katafariyar cibiyar kasuwanci, sai wanda ya nema ake saukar da shi ya ga katangarta. UNESCO ta sa bakin ruwan Liverpool cikin wuraren tarihi na duniya a 2004, ta kuma cire shi a watan Yuli na 2021, saboda manyan gine-ginen da aka tsara a arewacin tashar, da filin wasan Everton wanda aka cike wata tsohuwar matsaya aka gina a kai. Masu mulkin garin sun ce jama'a suna bukatar aiki da gidaje, kuma wannan magana ce mai nauyi, domin kufai ba ya ciyar da kowa. Amma ta nuna mana yadda ake jan igiya tsakanin tarihi da kasuwa.

Tsorona shi ne gidan tarihin ya zama ado, wurin da baƙo zai share hawaye na rabin sa'a sannan ya wuce sayayya, farashin gidajen kewaye ya tashi, jikokin waɗanda aka zalunta su ƙara nisa da wurin. Don haka nake auna irin wannan aiki da tambayoyi uku. Wa yake ba da labarin, kuma yana cikin masu yanke shawara ko sai an gama ake kiransa ɗaukar hoto? Wa yake samun aikin ginin da aikin gidan, yaran Toxteth suna ciki? Sannan talaka zai iya zuwa ya zauna a bakin ruwan ba tare da ya sayi komai ba? Shiga gidan kyauta ne tun buɗe shi, kuma ya kamata ya dawwama haka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ba a tambayi mai ɗaki ba, fenti kawai aka yi.

Namu tudun

Muna da alaƙa da wannan bakin ruwa fiye da yadda muke zato. Bayan an hana cinikin mutane, 'yan kasuwar Liverpool sun koma kan manja. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanin John Holt, wanda iyayenmu suke kira Janhol, yana cikin masu sayen gyaɗa da kiraga, kuma kamfanin Liverpool ne. Sai dai laifi tudu ne, ka take naka ka hangi na wani. An sayar da mutane a Kasuwar Kurmi. Rumada sun cika ƙasar nan da bayi masu noma, kuma sai a 1936 doka ta kammala soke bauta a Arewacin Nijeriya. Har yau akwai gidajen da ake fasa aure saboda tonon asali. A wane zaure muka ajiye wannan labari? Yaro ɗan makaranta zai iya zuwa ina ya ji shi cikin natsuwa, ba tare da gori ba?

Liverpool ta yi shekara 187 daga dokar 1807 kafin ta ba labarin ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, ta ƙara wasu 13 kafin ta hau da shi bene, ga shi sai yanzu ake sassaƙa masa ƙofa. Ban kawo muku ita don ta zama abin yabo ba tukuna, domin aikin bai ƙare ba. Na kawo ta ne don mu ga cewa gari yana iya raya kufansa, ya samar wa 'ya'yansa abinci a wurin, kuma ya sa gaskiya a bakin ƙofa inda kowa zai ratsa ta kafin ya shiga. Waiwaye adon tafiya ne. Ranar da za mu tashi gyara tsofaffin kasuwanninmu da sito-siton tashoshinmu, Allah Ya sa mu fara da tambayar wanda ya yi gumin, mu kuma rubuta sunansa a zaure.