Ɗan Unguwa, Kujerar Kansila da Kuɗin Haya



Kwanakin baya wani ɗanmu ya zo gida ya same mu, ya ce yana so ya tsaya takarar kansila a mazaɓarsa, yana neman albarkar dattawa. A unguwar aka haife shi, a nan ya yi firamare, a nan aka binne kakansa. Muka tambaye shi abin da ya sa yake son kujerar, sai ya ce kuɗin haya ya fi ƙarfin mutane, in ya ci zaɓe zai sa a rage shi. Muka ce masa dalilinsa mai kyau ne, amma alkawarin nan ba zai iya cika shi ba. A kan wannan muke so mu yi magana yau, gama ba shi kaɗai ne zai zo wurinku da irin wannan roƙo ba.

Dukanmu mun san yadda unguwanninmu suka cika. Bayan rikicin Kaduna na shekarar 2000 da na 2002, iyalai da yawa suka ƙetare kogi suka zauna a Sabon Tasha, Narayi, Unguwar Romi da Gonin Gora. A 'yan shekarun nan kuma 'yan bindiga suka koro mutanen ƙauyukan Chikun da Kajuru, su ma suka shigo gari neman ɗaki. Da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, siminti da kwano da kuɗin mota suka tashi, masu gidaje su ma suka ƙara haya. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne a wata. Daga ciki mutum zai tara hayar shekara guda dunƙule, ya biya dillali, ya biya kuɗin yarjejeniya. Shi ya sa samarinmu suke ɗage aure, gwauraye mata kuma suke kwashe kaya su koma bayan gari inda babu ruwa, babu makaranta kusa.

To, me kansila zai iya yi? Mu fara da abin da ba ya hannunsa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen cikin birni a hannun gwamna. A Jihar Kaduna takardar fili tana fitowa daga KADGIS, izinin gini kuma daga KASUPDA, dukansu na gwamnatin jiha ne. Kansila ba ya raba fuloti a birni, ba ya kuma yanke wa mai gida farashi. Duk wanda ya tsaya a gabanku ya ce zai yi haka, ko dai bai san aikin ba, ko kuwa yana ruɗinku ne.

Amma aikin da ke hannunsa ba ƙarami ba ne. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya ɗora wa ƙaramar hukuma gyaran hanyoyin unguwa da magudanan ruwa, kwashe shara, kula da kasuwanni da tashoshin mota, sa wa tituna suna da kuma sa wa gidaje lamba. Kansiloli ne suke duba kasafin kuɗin da shugaban ƙaramar hukuma ya kawo, su amince ko su ƙi. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, saboda haka ya kamata mu sa ido a kan wannan kasafi fiye da dā.

Ku duba yadda wannan ya shafi haya. Me ya sa kowa yake cunkushe a bakin kwalta yana biyan kuɗi mai yawa? Domin can ciki, da damina ta faɗi, rafi ya kan raba mutum da wurin aikinsa. In aka sa kwalbati ɗaya aka zuba tsakuwa, mai keke napep zai shiga, mai fili zai yi gini, ɗakuna za su ƙaru, ɗan haya ya sami zaɓi. Kansila kuma yana iya zaunar da mai unguwa, masu gidaje, dillalai da 'yan haya, a yi yarjejeniya a rubuce a kan kason dillali da wa'adin tashi. Ba a bukatar izinin gwamna kafin a yi wannan, amma sai mutumin da unguwa take jin maganarsa.

A nan ne zama ɗan unguwa yake da amfani, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai akwai haɗari. Ɗan da aka haifa a gidan gado bai taɓa jin mai gida yana buga masa ƙofa da asuba ba. Baffanninsa da abokan ubansa su ne masu gidajen hayar. Zai iya duban idonsu ya yi magana domin baƙon da ya zo bara? A Nehemiya sura 5, da talakawa suka jinginar da gonakinsu da gidajensu saboda yunwa, manyan mutanensa Nehemiya ya tsawata wa. Dattawa, da yawa a cikinmu muna da gidajen haya, wasu 'yan hayar kuma muna zama da su a benci ɗaya ran Lahadi. Maganar ta taɓa mu kafin ta taɓa ɗan takara.

Saboda haka in ya zo neman albarka, mu yi masa tambayoyi uku. Nawa ake biyan ciki da falo a mazaɓarka bana, nawa aka biya bara? Wace hanya ko lambatu za ka fara kaiwa gaban majalisa? Ka je ka gai da maƙwabtanmu Musulmi da 'yan hayar da ba 'yan ƙabilarka ba? Gama kansila na dukan mazaɓa ne, mai gida kuwa ba ya tambayar addinin mutum kafin ya ƙara masa kuɗi.

Ɗanmu ya tafi da waɗannan tambayoyi, mun ce ya dawo da amsa a rubuce. Ikkilisiya ba za ta zaɓa wa kowa jam'iyya ba, bagade kuma ba wurin kamfe ba ne. Amma kowa ya tabbata yana da katin zaɓe, masu gidaje a cikinmu kuma su sake duba abin da suka ƙara wa 'yan hayarsu bana.

Ubangiji ya ba mu hikima.