Tsakanin Katako da makarantar injiniyoyi



Duk wanda ya ratsa kasuwar Katako a birnin Yamai ya ga yadda maƙera suke narkar da gwangwanaye da ɓaraguzan injin mota su zuba tukwane, wasu kuma suna fasa tsohuwar tano su ƙera akwati ko murhu. Wannan sana'a ita ce masana a Turai suka raɗa wa sunan tattalin arziki mai zagayawa, watau a ƙera kaya yadda zai daɗe, a gyara shi in ya lalace, in ya mutu kuma ya koma kayan aikin wani. Jami'o'insu sun shigar da shi cikin karatun injiniya, tare da burin Tarayyar Turai na shekarar 2050, lokacin da hayaƙin da suke fitarwa ba zai wuce wanda ake iya shanyewa ba.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi shekaru yana jagorantar ONERSOL, ma'aikatar binciken makamashin rana, tun zamanin da wasu ke ɗaukar aikin tamkar wasan yara. Yau ga EMIG a Yamai, ga jami'o'i a Maradi da Damagaram da Tawa. Abin tambaya shi ne ko ɗalibin da ya fito daga cikinsu ya san inda kayan da ya zana za su ƙare.

A ɗauki alminiyo. Sake narkar da shi yana cin kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da sabo yake ci. Maƙerin Katako bai san lissafin ba, amma da shi yake ci da iyalinsa. Abin da ya rasa shi ne mai auna masa ko tarkacen da ya narkar na ɗauke da dalma, alhali a tukunyar za a dafa tuwon yara. Haka batir. Faifan hasken rana ya bazu a garuruwa da karkara, kuma batir ɗin da ke tara wutarsa yakan mutu cikin ƴan shekaru. A Thiaroye, kusa da Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda gubar dalmar tsofaffin batura da ake fasawa a cikin unguwa.

Doka kaɗai ba ta wadatar ba. Tun 2014 aka haramta shigowa da leda da sayar da ita, amma kowa ya ga abin da ke rataye a kan ƙayoyi, makiyaya kuma sun san abin da ake tararwa a tumbin akuya. A Akokan, COMINAK ta rufe a 2021 ta bar miliyoyin tan na sharar yuraniyom, wadda kula da ita aikin injiniyoyi ne na shekaru masu yawa.

Saboda haka kada darasin ya zama awa biyu da ake liƙawa a ƙarshen shekara. Ya kamata kowane kundin kammala karatu ya bayyana abin da na'urar za ta ci, da mai gyaranta, da makomarta. Ƴan kasuwa masu shigo da batir da faifai su karɓi ɗalibai su ƙirga musu abin da ke dawowa matacce, ma'aikatun da ke ba da kwangila kuma su rubuta sharaɗin kwashe tsohon kaya a cikin takardar tun kafin sa hannu.